Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministocin muhalli na ƙasashen bakin Bahar Rum, kan babbar ƙumbar tekun da ke ƙarewa

Assalamu alaikum masu girma ministoci, ranku ya daɗe, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a.

Ni ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke karatun halittun teku a Tunisiya, kuma ba da bakina kaɗai nake magana ba, na rubuto ne a madadin 'yan'uwana masu jin Hausa da karatu ko neman abinci ya kawo mu gaɓar wannan teku, akwai namu a Tunisiya da Aljeriya da Masar, akwai a Turkiyya da Kubrus, wasu ɗalibai ne irina wasu kuma a tashar jiragen kamun kifi suke leburanci. Da Hausa muka tattauna maganar a tsakaninmu shi ya sa na rubuta da Hausa, 'yan'uwa za su juya ta zuwa Larabci da Faransanci ta iso teburinku in sha Allah. Ku ne ƙasashe 21 da Tarayyar Turai da kuka sa hannu a yarjejeniyar Barcelona ta kare Bahar Rum, wadda aka fara ƙullawa tun 1976, to ku ne ya dace mu kawo wa kuka.

Maganar ta babbar ƙumbar nan ce da masana ke kira Pinna nobilis, wadda duk duniya babu inda take sai tekunku. Tsawonta na iya kai santimita 120, tana tsaye a ƙasan ruwa da tsinin a binne cikin yashi, ta kama ƙasa da wasu zaruruwa masu laushi da take fitarwa daga jikinta, zaren da mutanen Sant'Antioco a Sardiniya da na Taranto suka daɗe suna saƙa tufafi masu ruwan zinariya da shi. Tana shekaru gommai a wuri ɗaya ba ta motsi, tana tace ruwa, bayanta ya zama gidan ƙananan halittu barkatai, har cikinta akwai wani ɗan jatan lande da ke zaune abinsa. Kun san duk wannan, kun ma rubuta sunanta a jerin halittun da yarjejeniyarku ta ce a kare, Turai kuma ta hana taɓa ta tun dokar 1992. Amma a kaka ta 2016 aka fara ganin suna mutuwa a gaɓar kudu maso gabashin Sifaniya da tsibiran Baleyar, ba ɗaya ba biyu ba, kusan duk wadda ke wurin, kafin a ce me annoba ta shiga Faransa da Italiya, ta kai Girka da Kubrus da Turkiyya, ta shiga Kuroshiya a 2019, mu ma nan gefen Afirka ba ta bar mu ba. A 2018 aka raɗa wa ƙwayar cutar suna Haplosporidium pinnae, tana kama gaɓar da dabbar ke narka abinci da ita, sai ka ga naman ya janye ya motse can ƙasa, ka taɓa ta ba ta iya rufe baki da sauri, kwana kaɗan sai kwanso. Daga baya an gano wasu ƙwayoyin bakteriya ma a jikin matattun, musamman a Italiya, wato dai taron dangi aka yi mata. A ƙarshen 2019 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

To ranku ya daɗe bari in faɗi gaskiya tun farko, ba mu ce ku kuka kawo cutar ba kuma ba mu ce za ku iya yi wa teku allura ba, ƙwayar tana bin igiyar ruwa, babu shinge babu kwastan da zai tare ta. Kukanmu a kan 'yan ƙalilan ɗin da suka tsira ne, domin su a cikin abin da ke kashe su yanzu akwai hannun ɗan Adam, kuma wannan kam a ƙarƙashin ofisoshinku yake.

Abu na farko shi ne wuraren da suka fake. Bincike ya nuna ƙwayar ta fi ƙarfi in ruwa ya yi ɗumi sama da digiri 13.5, gishirinsa kuma yana tsakanin kusan 36.5 zuwa 39 cikin dubu, wato irin gishirin tsakiyar teku, shi ya sa waɗanda suka rage suke a inda gishiri ya yi ƙasa da haka ko ya haura, kamar tafkin Mar Menor a Mursiya, bakin kogin Ebro, tafkin Thau kusa da Sète, tafkin Venis, mashigin Amvrakikos a Girka, sai kuma tekun Marmara da ruwan Bahar Aswad ke rage masa gishiri. Allah Ya yi musu mafaka kenan. Sai dai ku duba yadda aka yi da mafakar. Mar Menor tana da su sama da miliyan ɗaya a da, a 2016 ruwan tafkin ya koma kore shar saboda takin zamani da ke gangarowa daga gonakin Campo de Cartagena, hasken rana ya daina kaiwa ƙasa, ciyawar ruwa kusan kashi 85 cikin ɗari ta mutu, ƙumbar ma ta bi ta, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shekarar da cuta ke cinye na waje ita ce shekarar da taki ya cinye na ciki, wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci. Kuma ba a nan ta tsaya ba, Oktoban 2019 kifaye suka fito gaɓa matattu, Agustan 2021 aka sake, sai da mutanen gari da kansu suka tara sa hannu sama da 600,000 kafin majalisar Sifaniya ta yi dokar 2022 da ta ba tafkin haƙƙi irin na mutum a gaban kotu. Mun jinjina musu, amma talakawa ne suka ja gwamnati ba gwamnati ta ja su ba.

Marmara ma a 2021 duniya ta ga majinar teku, wani abu mai kauri da yauƙi, da ta rufe ruwan Istanbul, ruwan ƙazantar birni da na masana'antu da ɗumin ruwa suka haɗu suka haifar da ita, wani ɗan'uwanmu da ke karatu can ya ce ko jirgin fito ka hau sai ka ga abin yana bin gefen jirgi kamar ba ruwa ba, kuma wannan tekun yana cikin manyan wuraren da suka rage a raye. A bakin Ebro kuma guguwar Gloria ta Janairun 2020 ta kusan share na mashigin Fangar baki ɗaya, wannan daga Allah ne mun yarda, amma ya nuna muku cewa in abin da ya rage ya taru a 'yan wurare kaɗan to dare ɗaya ya isa a wayi gari babu.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya tunda nan muke zaune, gefen kudu na tekun an bar shi kamar ba shi da ido. Manyan ayyukan ceto irin su LIFE PINNARCA da LIFE Pinna da kuɗin Tarayyar Turai ake yin su kuma ƙasashen Turai suka fi shafa, ba laifi ba ne, kuɗinsu ne. A Sifaniya duk mai ninƙaya da ya ga ƙumba mai rai yana da shafin Observadores del Mar da zai tura hoto masana su duba. Mu fa? Daga Maroko zuwa Masar gaɓa ce mai tsawon dubban kilomita, ga tafkuna irin na Bizerte da Ghar el Melh da El Bibane a Tunisiya, ga Marchica a Nador, ga Farwa a Libiya, ga Bardawil a Sinai, irin wuraren da gishirinsu ya saɓa da na teku, wato daidai inda ya kamata a fara dubawa, amma malamanmu a nan da ƙyar suke haɗa kuɗin man kwale-kwale da cika tulun iska, wani sa'in daga aljihunsu. Cibiyar da yarjejeniyarku ta ɗora wa kula da halittu masu hatsarin ƙarewa, SPA/RAC, a birnin Tunis take, mutanen suna ƙoƙari daidai ƙarfinsu, to amma cibiya ba ta da jirgi a kowace gaɓa, ma'aikatunku ne ke da su.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. An kai mu aikin fili tsibirin Kerkennah, wani dattijo mai kamun dabbar tekun nan mai hannu takwas (octopus) da tukwanen ƙasa ya ɗauke mu a kwale-kwalensa, ruwan bai fi ƙirjina ba, ciyawar Posidonia shimfiɗe a ƙasa. Na sa gilashi na leƙa, sai ga su nan a tsattsaye cikin ciyawa, wallahi farin ciki ya kama ni na ɗauka mun dace. Na matsa kusa da ta farko na kaɗa hannu a bakinta, mai rai da ta ji motsin ruwa take rufewa gam, wannan ko gezau, na leƙa ciki babu komai sai laka da wani ɗan kifi da ya mai da ita ɗaki, ta biyu haka, ta gaba haka, wata ma na ɗan taɓa ta sai ta kwanta. Dattijon yana daga sama yana kallona yana shan shayinsa, da na hau ya ce mini ya waladi ai da ka tambaye ni da na hutar da kai, tun shekarun baya suka mutu a rani guda, mun ga naman yana baƙi yana wari. Na ce Baba kun gaya wa wani? Ya ce wa za mu gaya wa, wa ya tambaya? Mutumin nan ya san kowane rami a wannan ruwa, ya san ranar da abin ya fara da ɓangaren da ya fara, bayanin da mai bincike zai biya kuɗi mai yawa ya samu, amma yana nan a kansa babu wanda ya rubuta.

Shi ne kuma daga baya ya kira ni ya ce ya ga guda mai rai a wani lungu. Muka je, gaskiya ne, ta rufe baki da na matso, ban san sanda na yi kabbara a cikin ruwa ba har na sha gishiri. Na ɗauki hoto da lambar wurin a waya, na aika wa wani ofishi da aka ce su ke da alhaki, shiru, na sake aikawa, aka ce mai kula da sashen yana hutu, na taka da ƙafata aka ce in rubuto takarda ta bi ta hannun makaranta. Kafin takarda ta gama yawo muka koma muka tarar an yi jan raga ta wurin, ciyawar ta tuge ta bar fili, ƙumbar a fashe gida biyu. Cutar da ta kashe dubbai ta ƙyale ta, raga ta gama da ita a dare ɗaya.

Wannan ya kawo ni na uku, wato jan raga a ruwa mara zurfi da jefa anka a kan ciyawa. A mashigin Gabes kowa ya san abin da ake kira kis, ƙananan jirage masu jan raga a ƙasa inda doka ta hana, suna kwashe komai har da ciyawar, masunta na gargajiya masu sharfiya, tarkon ganyen dabino da UNESCO ta karrama a 2020, sun gaji da kuka a kansu. Doka tana nan a takarda, Turai ma ta hana jan raga a kan Posidonia tun dokar 2006, abin da babu shi ne mai tsaro a kan ruwa da tsakar dare. Ga kuma dattin fosfet da masana'antun Gabes ke zubarwa a teku tun shekarun 1970, a 2017 gwamnati ta yi alkawarin ɗauke su daga bakin ruwa, mutanen garin har yau jira suke. A gefen arewa kuma jiragen shaƙatawa ne na masu kuɗi, kowane rani su cika lungunan ruwa su jefa anka da sarƙa, sarƙar tana shara a ƙasa duk inda iska ta juya jirgin, tsibiran Baleyar sun yi doka a 2018, Faransa ma ta hana manyan jirage masu tsawon sama da mita 24 sauke anka a kan ciyawar a wurare da dama, to sauran fa me kuke jira?

Wani zai ce don guda ɗaya ko goma da suka rage me za a tada jijiyar wuya. To ai su ne komai. A Amurka wata 'yar'uwar wannan ƙwaya, Haplosporidium nelsoni, ta faɗa wa kawa a mashigin Delaware a 1957 ta kashe sama da kashi 90 cikin ɗari, ta shiga Chesapeake a 1959, amma 'yan kaɗan da suka tsira su suka haifi masu jure cutar, masana kuma suka zaɓe su suka riƙa haɗa su har aka samu iri mai ƙarfi, ya ɗauki shekaru da yawa amma ya yiwu. Ƙumbar da ta zauna a tsakiyar annoba maƙwabtanta duk suka mutu ita ba ta mutu ba, akwai wani abu a jininta da ake buƙata. A garinmu ko yunwa ta kai ina manomi ba ya daka irin shuka, yakan ɗaure shi a rataye can saman rumbu ya hana yara taɓawa, to waɗannan su ne irin, kuma an bar su a hanyar raga.

Na huɗu a taƙaice, kiwonsu a tanki. Sifaniya ta kwaso sama da 200 a 2017 ta sa a tankuna, yawancinsu suka mutu, wasu da cutar a jikinsu aka ɗauko su. Ana iya sa su su zuba ƙwai, wahalar tana wajen rainon 'ya'yan har su kafu su yi kwanso, aikin na son shekaru da haƙuri, amma kuɗin ayyukan na shekara uku ko huɗu ne, lokacin da ma'aikaci ya fara gane kan abin sai kwangila ta ƙare ya kama gabansa.

Yanzu ga roƙonmu masu girma.

Muna roƙo kowace ƙasa ta fitar da lambar waya ɗaya ta WhatsApp da masunci ko mai ninƙaya zai tura hoto da wuri, da Larabci da Faransanci da Turkanci da duk yaren da ake yi a tashar, kuma a sa mutum takamaimai da zai je ya duba cikin kwanaki ba watanni ba, ba sai an bi ta takarda mai hatimi ba. A buga hoto a manna a tashoshi da ke nuna yadda ake gane mai rai ba tare da an taɓa ta ba, da yadda ake bambanta ta da ƙanwarta Pinna rudis, mai gajarta da manyan ƙayoyi, wadda cutar ba ta kashewa, domin ana yawan rikita su, kuma akwai ruwa biyu a tsakaninsu da su ma masana ke nema. A kuma gaya wa mutane ƙarara kada wanda ya tuge ta don ya kai wa hukuma, niyya mai kyau ce amma kisa ne.

Duk inda aka tabbatar da mai rai a sa keji ko alama, a hana anka da raga a kewayen nan take da umarnin gwamna ko kwamandan tashar, kada a jira sai an kafa gandun ruwa na dindindin. Ku ɗauki masunta na gargajiya aikin gadi ku biya su, su ne ke kan ruwa kullum, kuma su ma kis ɗin nan cinye musu abinci yake.

Muna roƙo a ware kuɗi na musamman a binciki tafkunan gefen Afirka ɗaya bayan ɗaya, a ba jami'o'in wurin aikin, da kayan gwajin ƙwayar cutar a ɗakunan gwajinsu don kada kowane samfur sai an aika shi Turai an jira. Akwai ma aikin da ba ya cin kuɗi, tarkon 'ya'yan ƙumba, buhun raga ne irin na albasa ake cusa masa tsohuwar ragar kamun kifi a ɗaura a igiya da dutse a ƙasa da abin yawo a sama, a sa shi farkon rani a ɗaga da kaka a duba ko ƙananan sun maƙale (ranar da malaminmu ya fito da shi dariya ta kama ni, buhun da muke zuba albasar Galmi ne sak). In aka samu 'ya'ya a tarko to akwai iyaye masu rai a wani wuri da ruwa ya ɗauko su, ko ba a gan su ba. Ɗalibai irinmu za mu yi wannan a kyauta in an ba mu izini da kwale-kwale.

Mafakar da aka riga aka sani kuma, Mar Menor da Ebro da Thau da Venis da Amvrakikos da Marmara, a ɗauke su a matsayin dukiyar ku duka ba ta ƙasa ɗaya ba, kowace ƙasa ta riƙa kawo rahoto a taronku na bayan shekara bibbiyu kan takin da ruwan ƙazantar da ke shiga, da adadin da suka rage, a buga kowa ya gani. A kula da yashe mashigi da buɗe hanyar jirgi a irin waɗannan tafkuna, don in ruwan teku ya kwararo ciki gishirin ya daidaita to an buɗe wa cutar ƙofa. A kuma tsaurara kan kai kayan kiwon kawa da kayan ninƙaya da jirage daga ruwan da cuta take zuwa inda ba ta kai ba, a wanke a busar.

Kuɗin kiwo a tanki a mai da shi na dogon zango, aƙalla shekara goma, a haɗa cibiyoyin arewa da na kudu, a kuma buɗe wa ɗaliban Afirka ƙofar horo a can, har da mu 'yan kudu da Sahara da ke karatu a ƙasashenku.

Na ƙarshe, a tura mutane da littafi da rikoda su zauna da tsofaffin masunta daga Nador har Iskandariya su tambaye su ina da ina suke ganin ƙumbar a da, yaushe ta mutu, ina suka ƙara ganin mai rai, dattijon da na ba ku labari ya haura saba'in kuma irinsa suna da yawa a kowace tasha. Muna so a sa waɗannan batutuwa a ajandar taronku mai zuwa, kuma ma'aikatun Tunisiya da Aljeriya da Maroko da Libiya da Masar su fara da lambar wayar nan kafin rani ya shigo ruwa ya yi ɗumi.

Allah Ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku, ɗalibin halittun teku daga Damagaram, a madadin 'yan'uwa masu jin Hausa mazauna gaɓar Bahar Rum.